Fasahar Sandar Direba ta Zamani da Tasirinta ga Nisa da Saiti a Wasan Golf: Nazari daga Filayen Legas

Tsakure

Maƙalar ta duba sauye-sauyen da aka yi wa sandar direba daga 1979 zuwa yau, ta auna su da dokokin hukumomin R&A da USGA da kuma lissafin karon kan sanda da ƙwallo. Ta nuna cewa ribar matsakaicin ɗan wasa ta fi yawa a wajen rage asarar bugun da ya kauce wa tsakiyar fuska, kuma saitin da ya dace da filayen Legas ya bambanta da wanda ya dace da na Kano ko Jos.

1.0 Gabatarwa

Babu filin golf a Alaba Rago ta Legas, amma mazaunin unguwar bai yi nisa da filin Dolphin da ke Navy Town a Ojo ba, kamar yadda na Agege yake kusa da filin Ikeja. Wanda ya fi su suna shi ne na Ikoyi Club 1938, inda aka riƙa yin gasar Nigerian Open tun daga 1969. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989. A nan ne Peter Tupling ya kammala zagaye huɗu da bugu 255 a 1981, lokacin da kewayen rami a Ikoyi yashi ne da ake cuɗawa da mai, kuma mafi yawan ƙwararru kan itace suke buɗe wasa da shi. Wannan tarihi ya isa ya hana mu ɗora wa kayan aiki abin da hannu ne ya yi shi. Tambayar binciken ita ce: yadi nawa da saiti nawa fasaha ta ƙara, kuma wa ta ƙara wa?

2.0 Daga Itace zuwa Titaniyom

Tsohuwar direba, wato sanda mafi tsawo da ake bugun farko da ita, kanta na itacen fasimon ne, ɗan'uwan kanya, girmansa bai kai cc 200 ba, ƙotarta ta ƙarfe mai inci 43. A 1979 Gary Adams ya kafa TaylorMade da kan ƙarfe mai rami a ciki. Kamfanin Callaway ya fito da Big Bertha mai cc 190 a 1991, sannan Great Big Bertha ta titaniyom mai kimanin cc 250 a 1995. Titaniyom ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, don haka aka iya faɗaɗa kai aka bar nauyinsa a wajen giram 200. Ƙotar zaren kabon mai giram 50 zuwa 70 ta maye gurbin ta ƙarfe mai fiye da giram 120, tsawo ya kai inci 45 da ɗoriya.

Hukumomi ba su zura ido ba. USGA ta ƙayyade ma'aunin tsallen ƙwallo daga fuska a 0.83 a 1998. A 2004 aka tsayar da girman kai a cc 460, aka kuma koma gwajin da ke auna daɗewar haɗuwar fuska da wani ɗan ƙarfe mai lilo, wanda bai kamata ya wuce kashi 257 cikin miliyan na daƙiƙa ba. A 2006 aka sa wa tirjiyar murɗewar kai iyaka a 5,900 g·cm². Duk abin da ya biyo baya, har da fuskar Epic Flash ta 2019 da kwamfuta ta tsara da fuskar kabon ta Stealth ta 2022, a cikin wannan shinge aka yi shi.

3.0 Lissafin Nisa

Siririyar fuskar titaniyom takan loɓa ta dawo kamar fatar ganga, sai ƙwallo ta rage matsewa, ƙarfin da zai salwanta a cikinta ya ragu. Ana iya ƙiyasta gudun ƙwallo ta hanyar ninka gudun kan sanda da (1 + e) ÷ (1 + m/M), inda e yake ma'aunin tsalle, m nauyin ƙwallo, giram 45.93, M kuma nauyin kai, giram 200. Da e na itace, kimanin 0.78, amsar 1.45 ce, da 0.83 kuwa 1.49. Wanda ke kaɗa sanda da gudun kilomita 150 a sa'a, gudun da ya yi daidai da na matsakaicin namiji mai wasan sha'awa, ƙwallonsa za ta tashi daga kilomita 217 zuwa 223 a sa'a. Wannan bai fi yadi shida zuwa bakwai ba.

Adadin ya yi kaɗan idan aka dubi alƙaluman PGA Tour, inda matsakaicin nisa ya tashi daga kimanin yadi 257 a 1980 zuwa kimanin 300 a 2023, shekarar da Rory McIlroy ya kai 326.3. Ragowar ta fito ne daga doguwar ƙota mara nauyi, da ƙwallo mai daskararren ciki irin Pro V1 ta shekarar 2000, da ƙarfin jikin ’yan wasa, da na'urorin rada irin TrackMan waɗanda suka koya musu harba ƙwallo sama da ƙarancin juyi. Masu tallar sanduna sukan haɗe wannan riba duka su jingina ta ga kan direba.

4.0 Saiti

A nan ne aikin injiniyoyi ya fi bayyana. Idan ƙwallo ta daki gefen fuska, kai yakan murɗe, gudu ya zube. Babban kai mai nauyi a baya da gefe-gefe yana tirjewa, don haka bugun da ya kauce da rabin inci ba ya rasa abin da yake rasawa a da. Akwai kuma ɗan doron da ke fuskar. Bugun da ya faɗa can ƙarshen fuska yana sa wa ƙwallon na-dama juyin da ke lanƙwasa ta hagu. Doron sai ya fara tura ta dama, lanƙwasar ta dawo da ita tsakiya. Tun zamanin itace aka san wannan dabara, sai dai yanzu ana lissafa ta daidai da inda cibiyar nauyi take.

Duk da haka sanda ba ta gyara fuskar da ta iso a karkace, alhali ita ke yanke kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara dosa. Karkatar digiri 3 tana kai ƙwallo yadi 11.5 gefe a nisan yadi 220, ta kai ta kusan yadi 16 a nisan 300. Ƙarin nisa kenan yana faɗaɗa kuskure, kuma ƙwararrun PGA Tour har yau wajen kashi 60 cikin 100 na bugunsu ne ke sauka a shararriyar hanya. Doguwar ƙota ma da kuɗinta take zuwa, domin tana wahalar da samun tsakiyar fuska. Doka ta yarda da inci 48, tun 2022 kuma masu shirya gasa na iya tsayar da shi a 46, amma ƙwararru da dama ƙasa da haka suke riƙewa.

5.0 Legas, Kano da Jos

Ɗauki ɗan kasuwar Agege da ke wasa a Ikeja, idan ya je gida ya buga a Kano da sanda ɗaya. Legas tana daidai da bakin teku, Kano ta ɗaga da kimanin mita 480, filin Rayfield na Jos ya haura mita 1,200. Iska tana sirancewa da tudu, ana kuma ƙiyasta ƙarin nisa na kashi 1.16 cikin 100 a kowace mita 305. Mai yadi 220 a Legas zai samu ƙarin wajen yadi huɗu a Kano, goma a Jos. Ana yawan ɗora wa laimar Legas laifin taƙaita bugu, alhali iska mai laima ta ɗan fi busasshiya sauƙi, domin tururin ruwa bai kai iska nauyi ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ce mai laifin. A watan Yuni ƙwallo takan faɗo a Ikeja ta bar ɗan gurbi, ta tsaya taku ɗaya ko biyu daga wurin da laka a jikinta. A hunturun Kano kuwa ta yi ta tsalle tana gangarawa a kan tauri.

Ma'anar wannan ita ce a daminar Legas nisan da ƙwallo ta ci a sama shi ne kusan duka nisan. Mai gudun kilomita 150 ko ƙasa ya fi buƙatar fuska mai jinginar digiri 11 zuwa 13, ba digiri 9 da yake gani a hannun ƙwararru ba, domin ƙwallo mara gudu tana buƙatar tashi da juyin baya kafin iska ta riƙe ta. A busasshen filin Arewa rage digiri ɗaya na iya biya. Nauye-nauyen da ake sauya wa wuri, waɗanda direbar r7 Quad ta yaɗa a 2004, da wuyan da ake juyawa da ɗan makulli, irin na R9 ta 2009, sun sa sanda ɗaya na iya yin aikin biyu, muddin an daidaita ta kafin fara zagaye, tunda doka ta hana taɓa ta a tsakiyar wasa.

Tunda iyakokin girma da tsalle da tirjiya ba su motsa ba tun 2006, direba ta gwanjo mai cc 460 da ta shekara goma ba ta yi wa sabuwa nisa a bugun tsakiya ba, in dai ta asali ce kuma fuskarta ba ta tsage ba. Haɗarin kasuwar gwanjo shi ne jabu, wadda kaurin fuskarta da rabon nauyinta ba su bi kowane lissafi ba. A ganin wannan bincike, kuɗin da za a kashe wajen auna bugu da rada, a zaɓi ƙota da jingina, ya fi na sabon kai amfani. Hukumomin ma sun karkata ga ƙwallo: a Disamba 2023 R&A da USGA suka sanar da ɗaga gudun gwajinta daga mil 120 zuwa 125 a sa'a, iyakar nisa kuma ta ci gaba da zama yadi 317.