Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Koyar da Rawa Tsakanin Ɗalibai a Jimeta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin rabon kyaututtuka a wata makarantar sakandare ta Jimeta, ko taron Ranar Yara ta 27 ga watan Mayu, ya san cewa akwai lokacin da akan ba ɗalibai fili su nuna raye-rayen gargajiya. Idan sun gama, manyan baƙi su yi tafi, a yi musu liƙi, a yaba wa shugaban makaranta da malamin da ke kula da ƙungiyar al'adu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane ne ya koya wa waɗannan yara rawar? Galibi amsar ita ce wani ɗalibi ko wata ɗaliba ta aji biyar ko shida, wadda ita ma a hannun wata ta koya sa'ad da take aji ɗaya. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan al'ada, mu ga inda ta samo tushe, da dalilin da ya sa aikin ya faɗa a wuyan ɗalibai, da kuma abin da za mu rasa idan muka bari ta tsinke.

Tushe: Dandali da Tsangaya

Tun kafin zuwan boko, rawa ba ta da malami a ƙasar Hausa sai na gaba da kai. Idan farin wata ya fito, 'yanmata kan taru a dandali su yi gaɗa, manya a tsakiya suna bayarwa, ƙanana a gefe suna amshi da tafi, har ranar da za a jawo hannun ƙaramar a ce ta shigo. Samari suna da sarkinsu, 'yanmata suna da shugabarsu, kuma su ke tsara wasa a lokacin kalankuwa da bukukuwa. Littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954 game da rayuwar Baba ta Karo ya nuna yadda 'yanmatan ƙasar Zazzau suke rawa a ranar kasuwa a ƙarƙashin irin wannan tsari. Haka tashe yake a watan azumi, domin babu dattijon da ke zama ya koyar da shi, yaro yakan ɗauke shi ne daga bin yayyensa gida gida. A wajen Fulani kuwa akwai hiirde, wato zaman hira da wasa na dare, inda ƙanana ke koyo da ido.

Har ila yau, tsangaya ta san wannan hanya. Alaramma ba ya iya biya wa kowane kolo allonsa, don haka gardi da titibiri su ke ɗaukar nauyin na ƙasa da su. Ashe ke nan lokacin da Andrew Bell da Joseph Lancaster suka yi suna a Ingila, a ƙarshen ƙarni na 18, da tsarin sa manyan ɗalibai su koyar da ƙanana, abu ne da mutanenmu suka daɗe da saninsa. Masu iya magana sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Jimeta: Mahaɗar Jama'a

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ta zama fadar Lamiɗo a yankin da Bata da Verre suke zaune tun da farko. Jimeta kuwa bakin kogin Binuwai ne ya raya ta. Tun shekarun 1880 kamfanin Turawa na Neja yake kawo jiragen ruwa idan kogi ya cika da damina, bayan kuma Turawan Ingila sun ci Yola a 1901 a zamanin Lamiɗo Zubairu, sai garin ya ƙara bunƙasa da kantuna da ma'aikata. Hausawa da Barebari da Nufawa da Jukunawa suka zo fatauci da su, daga baya Bachama da Mbula da Camba da Kilba da Margi da Higi da Lunguda suka shigo neman aiki da ilimi, Ibo da Yarabawa su ma ba a bar su a baya ba. Fulatanci ya riƙe cikin Yola, Hausa ta zama harshen kasuwa da titi a Jimeta.

Wannan tarihi ya shafi zancenmu kai tsaye. A makarantar da ke tsakiyar Katsina ko Sakkwato, yawancin ɗalibai al'adarsu ɗaya. A Jimeta kuwa aji guda yakan tara yaran ƙabilu goma ko fiye, kowanne da kiɗan garinsu da takunsa. Babu malamin da zai iya duk waɗannan raye-raye, kome ƙwazonsa. Wanda ya san rawar Numan shi ne yaron da ya tashi yana ganin bikin Vunon a Farai, ko da kuwa shi ne na ƙarshe a jarrabawar lissafi.

Shigowar Wasa Makarantar Boko

Makarantun da Turawa suka kafa a Arewa, daga ta Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina a 1921, da makarantun Midil na larduna, sun zo da tsarin kwana da raba ɗalibai gida gida, kowane gida a hannun manyan ɗalibai. Makarantar lardi ta Yola, wadda daga bisani ta zama Kwalejin Janar Murtala Muhammad, a kan wannan tsari ta ginu. Abin da aka fara ba muhimmanci shi ne fareti da wasannin motsa jiki, sai kuma wasan kwaikwayo. R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays a 1930, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya ci gaba da shirya su da ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942, sannan aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949.

Rawa ba ta sami irin wannan gata ba, kuma dalilin a fili yake. Malaman jihadi sun soki cakuɗuwar maza da mata a wajen kiɗa da rawa, al'ada kuma ta ɗauki rawar bainar jama'a a matsayin sana'ar maroƙa ko abin ƙuruciya. Malamin makaranta, mai babbar riga da takardar shaida, zai iya rubuta wasa ya raba wa yara matsayi, amma kunya ba za ta bar shi ya karkaɗa kafaɗa a gaban ɗalibansa ba. Saboda haka ko da makaranta ta buƙaci rawa, sai malam ya tsaya a inuwa da rajista, ya miƙa ragamar ga babban ɗalibi.

A ƙasashen renon Faransa an bi wata hanya mai kama da wannan, amma da gangan. A makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama da Hamani Diori na Nijar suka yi karatu, a shekarun 1930 akan sa ɗalibai su tattaro al'adun garuruwansu lokacin hutu, su dawo su koya wa juna, su mai da su wasa da rawa, har suka je Paris suka nuna a 1937. Daga cikin waɗanda suka fito daga makarantar akwai Fodeba Keita, wanda ƙungiyar rawarsa ta zama ta ƙasar Gini bayan samun mulkin kai a 1958. Wannan ya nuna mana iya nisan da koyarwar ɗalibi ga ɗalibi take iya kaiwa idan an ba ta daraja.

Shekarun 1970: Lokacin Bunƙasa

Bayan yaƙin basasa gwamnati ta ga cewa al'ada hanya ce ta ɗinke ɓaraka. A 1970 aka fara bikin nuna al'adu na ƙasa baki ɗaya, a 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, a 1975 aka kafa hukumar fasaha da al'adu ta ƙasa. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola da hedikwata a Yola, a shekarar kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya cika makarantu da yaran karkara. Sai ga bikin FESTAC a farkon 1977, wanda ya sa jihohi tace gwanayen rawa tun daga ƙananan hukumomi. A wannan zamani ne aka tsara rawar koroso a Kano, daga gaurayen takun Fulani da na Hausawa, aka sa mata sunan kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa. Da yake tun asali don fage aka shirya ta, makarantu sun rungume ta har ta iso Gongola. A Nijar ma, bayan 1974, gwamnatin Seyni Kountche ta farfaɗo da samariya, ƙungiyoyin matasa suka riƙa gasar rawa a bukukuwan ƙasa.

Tun daga nan ƙungiyar al'adu ta zama abin da makaranta ba ta rasawa. To amma an samar da gasa da kofi ba tare da an samar da malamin rawa ba. Gurbin nan ɗalibai suka cike shi.

Yadda Ake Tsara Rawar

Mu da muka yi sakandare a Jimeta a shekarun 1990 mun ga yadda abin yake gudana. Da yamma bayan an tashi, akan taru a bayan ajujuwa ko a gindin dogon yaro. Babbar ɗaliba, wadda ƙanana ke kira Adda, ko babban ɗalibi da ake kira Hamma ko Yaya, shi ne mai usur. Idan babu ganga sai a kifa bokiti ko a buga jarka. Da farko a koyi taku ba kiɗa, ana ƙirgawa, sannan a haɗa da hannu da kafaɗa, daga ƙarshe a shigo da amshi. Wanda ya fi saurin ɗauka a sa shi a gaba, na baya su bi ƙafarsa. Mukan ji Adda tana cewa, «Ƙanwata, daina kallon ƙasa, ƙafarki ta san hanya, ɗago kanki.»

Ya kamata mu lura cewa aikin ya wuce kwaikwayon abin da aka gani a gida. Rawar da akan kwana ana yi a gari dole a matse ta cikin minti biyar ko goma. Da'irar da kowa ke shiga dole a warware ta ta zama sahu mai fuskantar rumfar baƙi. Dole a ƙago shiga da fita, a san inda za a durƙusa a yi gaisuwa, a san inda gwani zai fito shi kaɗai. A makarantun 'yanmata wasu kan sa kayan maza su ɗauki takunsu. Duk wannan shi ne abin da masana ke kira tsara rawa, wanda Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki ƙwararru dominsa a shekarun 1970. Ga shi kuwa yara 'yan shekara goma sha bakwai suna yin sa ba tare da sun san yana da suna ba.

Babbar ribar ita ce abin da ke faruwa tsakanin yaran. Idan masu rawar wata ƙabila ba su kai yawan da ake so ba, sai a cike da duk wanda ya iya. Ta haka Bafulatana takan koyi rawar Bachama a hannun 'yar Numan, ɗan Micika ya ɗaura koroso a ƙarƙashin Bakano. A garin da ya ɗanɗana rikicin Maitatsine a watan Fabrairun 1984, wannan cuɗanya ba ƙaramin abu ba ce. Yana da wuya ka kira rawar wani da sunan raini bayan ka yi wata guda kana gumi kafin ka iya ta.

Ba za mu ɓoye aibin tsarin ba. Wasu manyan ɗalibai sun mai da usur sandar mulki, suna sa ƙanana tsallen kwaɗo saboda kuskuren taku. Wasu raye-rayen da ke da alaƙa da ibada ko makoki a wajen masu su an cire musu ma'ana, an bar motsin kawai. Sau da yawa kuma kuskuren ɗalibi ɗaya yakan zama gado, a yi shekaru ana maimaita shi.

Raunin Sarƙar

Gadon da ke tafiya daga aji zuwa aji ƙarfinsa ɗaya da na zoben da ya fi rauni. Idan 'yan aji shida suka fita ba su bar magaji ba, rawar ta fita tare da su. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya sa makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, lokacin yamma da ake atisaye ya ragu. Dandali ya yi ta mutuwa a birane, don haka yaro yakan zo makaranta ba da wata rawar gida ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka kawo salon rawa mai kama da ta Indiya, kaset ya maye gurbin makaɗi, daga baya wayar hannu ta maye gurbin kaset. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 ta sa rawa cikin darasin al'adu da fasaha, amma sau da yawa a kan allo ake karanta ta domin jarrabawa.

Sai kuma rashin tsaro. Dokar ta-ɓaci ta 2013, da hare-haren bom da aka kai Jimeta a 2015, sun sa iyaye suka daina barin yara su yi yamma a waje. Duk da haka, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoban 2014, dubban iyalai daga Madagali da Micika da Hong suka kwararo Yola da Jimeta. Yaran da suka bar gidajensu da gonakinsu sun zo da abin da ke ƙafafunsu, kuma ga wasunsu filin makaranta ne kaɗai wurin da ya rage da za su miƙa shi ga na baya.

Kammalawa

Mun ga cewa koyar da rawa tsakanin ɗalibai ci gaban dandali ne a cikin shingen makaranta, kuma kunyar malamai da yawan ƙabilun Jimeta su suka ɗora shi a kan yara. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, don haka ba mu da ja da sabon salo. Damuwarmu ita ce, kofuna suna nan a ofisoshin shugabannin makarantu, amma babu littafin da ya riƙe sunan ɗalibin da ya tsara rawar da ta ciwo su. Muna kira ga makarantu su riƙa rubuta sunan mai tsarawa, su ɗauki hoton atisaye, su gayyato dattawan ƙabilu su gyara wa yara, su kuma tabbatar kowane shugaban ƙungiya ya horar da magaji kafin ya fita. Ɗalibanmu na Sashen Hausa kuwa, ga fagen bincike a ƙofar gida: tsofaffin masu usur na shekarun 1970 suna nan a Luggere da Doubeli da Jambutu, sun zama kakanni, kuma ba za su jira mu har abada ba. Allah ya sa mu dace.