Auren Kirista a Akokan: majami'a, meri da ofishin kamfani

Akokan gari ne da aka zana a takarda tun kafin a aza tubalin farko. A 1974 aka kafa kamfanin COMINAK, wanda Faransa da Nijar da Japan da Sifen suka riƙe hannayen jarinsa, a 1978 kuma aka fara fito da ƙarfen uraniyom daga ramin Akuta, mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Arlit ta girme shi da 'yan shekaru, don kamfanin SOMAÏR tun 1971 yake haƙa a can. Kafin nan wurin makiyayar Buzaye ne. Da aka zo gina gidajen ma'aikata sai aka jera su bisa muƙami, na manya daban, na matsakaita daban, na leburori daban. Amma duk fasalinsu ɗaya ne: gida na miji ɗaya, mata ɗaya da 'ya'yansu. Wanda ya zana gidan ya riga ya yanke wa kansa hukunci a kan abin da ake kira iyali. Mai mata biyu sai ya yi dabara a tsakar gida, ko ya kama wa ɗaya ɗaki a cikin gari. Wanda bai samu shiga kamfani ba, shi da iyalinsa sai unguwannin da suka tsiro a gefe, irin su Bukkoki na Arlit.

Ni ɗan ƙasar Maraɗi ne, iyayena kuma daga cikin waɗanda suka bi mishan ɗin SIM suke, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Aikin koyarwa ya kawo ni arewa bayan an gama shimfiɗa kwaltar da ta taso daga Tawa. Da yake ina da rubutu mai kyau, dattawan majami'armu suka ɗora mini littafin aure da na baftisma. Ta cikin wannan littafi na san Kiristocin garuruwan uraniyom: makanikai da kafintoci daga Benin da Togo, masu dafa abinci daga Burkina, Inyamurai masu shagunan kayan mota, Gurmawa daga wajen Makalondi, Arawan Dogondutsi, da mu Hausawan Maraɗi. Turawa suna nan su ma, amma kaɗan daga cikinsu ke zuwa sujada. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Arlit da Akokan an fi ganinsu, saboda aiki ya tara baƙi.

Saboda wannan ƙarancin, mutane suna ɗauka Kirista ba shi da hannu a dokokin iyali na ƙasar nan. Yana da shi, sai dai hannun ya shigo tun da wuri, ta hanyar Paris. A ranar 15 ga Yunin 1939 ministan ƙasashen mallaka Georges Mandel ya sa hannu a dokar da ta hana aurar da yarinya kafin shekara 14 da yaro kafin 16, ta ce kuma babu aure sai da yardar su biyun, ba a kuma gadon matar mamaci in ba ta so. Cikin waɗanda suka yi ta matsa wa 'yan majalisar Faransa har aka yi dokar akwai wata masera, Marie-André du Sacré-Cœur, wadda ta karanci shari'a ta kuma zagaya Afirka ta Yamma tana binciken zaman mata. A 1951 dokar Jacquinot ta biyo baya. Ta taɓa maganar tsadar kuɗin aure, ta kuma ba namiji damar ya rubuta a gaban hukuma, ranar ɗaurin aure, cewa ba zai ƙara mata ba muddin wannan auren yana nan. Mishan sun so wannan sharaɗi ƙwarai, don ya ba auren majami'a ƙafar tsayawa a kotu.

Abu na biyu da Kirista ke da hannu a ciki ya fi shafar ma'aikacin Akokan kai tsaye. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya yi magana a kan haƙƙin ma'aikaci, a 1931 kuma Pius na 11 ya fito fili ya ce albashi ya kamata ya riƙe mutum da iyalinsa. Daga wannan tunani masu masana'antu 'yan Katolika a Faransa suka fara ba ma'aikata ƙarin kuɗi bisa yawan 'ya'ya. Da aka zo yin dokar ƙwadago ta ƙasashen mallaka, wadda ta fito a 15 ga Disamban 1952, 'yan ƙwadagon Afirka ne suka yi yajin aiki a kanta, amma a cikin majalisa 'yan jam'iyyar MRP masu ra'ayin Kirista sun taka rawa. An yi ta gardama: in an ba Baƙar fata mai mata huɗu kuɗin 'ya'ya, ina kuɗin zai isa? Duk da haka a 1956 aka fara biya. Asusun da ke biyan wannan kuɗi shi ne kakan CNSS ta yau. To, ga inda abin ya haɗu: asusun ba ya sanin mace sai da takardar aure, ba ya sanin yaro sai da takardar haihuwa. Katin asibitin kamfani ma haka. Malam ya ɗaura, fasto ya sa albarka, dangi sun ci goro, amma a ofis ba a yi aure ba tukuna.

Mu a majami'a wannan bai zame mana nauyi ba, don dama ba ma ɗaura aure sai ango da amarya sun je meri, ofishin magajin gari, sun kawo takarda. Har abokan aikinmu Musulmi sukan zo wurina in cika masu takardun neman shaidar kotu don auren da aka yi shekara goma baya a ƙauye. Wani direba, dattijo, ya taɓa ce mini: "Malam, ku dai kun huta, matarku ɗaya takardarku ɗaya." Na ce masa, "Baba, takardar ce ɗaya, rigimar ba ta fi taku sauƙi ba."

Gaskiya kuwa na faɗa masa. Kirista ba baki ɗaya suke ba a kan iyali, ko a cikin gari ƙarami kamar namu. 'Yan Katolika, waɗanda limamansu na ƙungiyar Redemptorist suka kafa mishan a Cirozerin tun wajen samun 'yancin kai, kuma tun 2001 suke ƙarƙashin bishop na Maraɗi, ba su yarda da saki ba sam. Kan maganar tsarin iyali kuma suna bin wasiƙar Paparoma Paul na 6 ta 1968, wadda ta hana ƙwayoyi da allura. Lokacin da Janar Seyni Kunce ya ta da maganar yawan haihuwa a jawabinsa na Matamaye a 1985, gwamnati kuma ta halatta magungunan tazarar haihuwa a 1988, ra'ayin fadan Katolika ya fi kusa da na limamin masallaci bisa ga na ministan lafiya. An sake ganin irin wannan haɗuwa a taron Alƙahira na 1994, inda Vatican da wasu ƙasashen Musulmi suka tsaya gefe guda. Mu 'yan bishara, majami'ar EERN da sauran majami'u, mun fi sassauci a nan: in mata da miji sun yarda, fasto ba ya leƙa katin awo. Tsananinmu yana wajen kishiya. Mishan na farko ba su ba mai mata biyu shugabanci a majami'a ba, wasu ma sun hana shi baftisma sai ya rabu da ɗaya. Na ga abin da wannan ya jawo a ƙauyukanmu tun ina yaro, kuma har yau ban gamsu da cewa korar uwar 'ya'ya daga ɗakinta aikin Allah ba ne. Majami'u da yawa sun sassauta daga baya ga wanda ya zo da matansa tun kafin ya tuba.

Inda Kirista ya fi shan wuya shi ne ranar mutuwa. Dokar tsarin shari'a ta 1962, da ta 2004 da ta maye gurbinta, sun ce a maganar aure da saki da gado da riƙon 'ya'ya alƙali zai bi al'adar masu shari'a. Kusa da wannan kuma ga kundin dokokin farar hula da aka gada daga Faransa, wanda mutum zai iya zaɓa. A takarda abin ya yi kyau. Amma mece ce al'adar Bahaushe Kirista? Masu ba alƙali shawara a kan al'ada galibinsu malamai ne, abin da suka sani kuma fiƙihun Malikiyya ne, inda babu gado tsakanin addini biyu. Sai ka ga ma'aikaci ya rasu a Akokan, matarsa Kirista, 'yan'uwansa a kudu Musulmi. Kafin a yi bakwai sun iso a motar haya. Ana zaman iyali don a fitar da wanda zai karɓi haƙƙin mamaci, ita kuma tana cikin ɗaki tana kuka, ba ta san cewa wannan zaman shi ne duka shari'ar ba. In akwai takardar meri, tana da abin riƙewa, fanshon mijinta ma zai fito da sunanta. In babu, sai abin da surukai suka ga dama. Ga gidan kamfani kuma, wanda dama na aiki ne, dole wata rana ta fita. Na raka irin waɗannan mata ofisoshi har na san wane benci ne inuwa ke kai wa da hantsi. Ba kullum dangin miji ke da laifi ba. Na ga wan mamaci, alhaji, da ya tsaya ya ce ba wanda zai taɓa ko cokali, kayan marayu ne. Sai dai abin da ya rataya ga halin kirkin mutum ɗaya ba doka ba ne.

Wannan giɓi ne aka so a cike da kundin dokar iyali, wanda Ƙungiyar Matan Nijar ta fara nema tun tsakiyar shekarun 1970. Bayan zanga-zangar mata ta 13 ga Mayun 1991 da Babban Taron Ƙasa, an fito da daftari. A 1994 ƙungiyoyin Musulunci suka tashi a kansa, aka yi ta wa'azi, aka kama sunayen matan da ke jagorantar aikin aka tsine masu, gwamnatin Mahaman Usman ta mayar da shi cikin durowa. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin mata, amma ta keɓe sassan da suka shafi aure da gado. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata. A 2011, ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Salu Jibo, an sake gwadawa da sabon suna, aka sake janyewa. Har yanzu kundin farar hula yana cewa yarinya ta isa aure a shekara 15, namiji a 18, alƙaluman UNICEF kuma suna nuna kusan uku cikin huɗu na 'yan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin su kai 18.

A duk wannan dambarwa muryar majami'a ba ta fito da ƙarfi ba. Na san dalili, don na zauna a tarukan da aka tattauna shi. Masu adawa da daftarin suna cewa dokar Nasara ce, in fasto ko fada ya fito ya yaba, ya ba su hujja ke nan. Ga kuma tsoro, wanda ba na banza ba ne: a 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta yi a Paris, abin da ba Kiristan Nijar ko ɗaya da ya sa hannu a ciki. Bayan haka wa zai ce wa baƙon kafinta ya je rediyo ya yi maganar gado? Amma a ganina shugabanninmu sun wuce gona da iri wajen yin shiru. Ba a buƙatar su gaya wa Musulmi yadda zai yi aurensa ko rabon gadonsa. Abin da ya kamata su nema ƙarami ne: a rubuta a fili wace doka ce ke kan ɗan ƙasa wanda ba Musulmi ba, da kuma gidan da addini biyu suka haɗu. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a garuruwan uraniyom, don a nan ɗan Kwatano ya auri Ba'abziniya, Bazabarme ya auri 'yar Lome.

A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta, bayan ya ba da kimanin tan 75,000 na uraniyom. Ma'aikata kusan 600 na kamfanin suka tashi, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Abin da wannan ya yi wa iyalai ya wuce duk abin da masu wa'azi suka ce kundin 1994 zai yi. Maza sun tafi neman zinariya a Cibarakaten da Jado, wasu sun nufi Aljeriya, mata suka zauna da yara suna jiran saƙon waya. Baƙin da suka haifi 'ya'yansu a nan suka kwashe su zuwa ƙasashen da yaran ba su taɓa gani ba. Littafin da nake riƙewa ya koma na rubuta masu tafiya. Tsohuwar koyarwar nan ta cewa albashi shi ne ginshiƙin gida, wadda ta haifi kuɗin 'ya'ya a 1956, ita ce ta fi dacewa majami'u su ɗaga a wannan lokaci, kuma a kanta ba mai ce masu sun shigo da baƙon abu, don limamin Juma'a ma abin da yake faɗa ke nan game da ciyarwa da tufatarwa.

Yanzu gwamnati ta karɓe SOMAÏR tun Yunin 2025, ana kuma maganar sake fasalin dokokin ƙasa. Roƙona ga fastoci da limaman Katolika shi ne, in aka buɗe maganar iyali su je da buƙatarsu a rubuce, su kuma fara zama da malaman unguwa kafin su je Yamai. Ku kuma 'yan'uwa da ke Arlit da Akokan, Kirista da Musulmi, duk wanda aurensa bai shiga littafin meri ba, ya ɗauki matarsa da shaidu biyu ya je a rubuta tun yana da rai.