Littafin Sauraro a Makarantun Masu Lalurar Gani

Littafin sauraro shi ne wanda aka naɗi karatunsa da murya domin ɗalibin da makanta, raunin gani ko wata lalura ta hana shi karanta bugaggen rubutu. A Jihar Filato buƙatarsa tsohuwa ce: tun 1953 aka kafa makarantar makafi ta Gindiri, Jami'ar Jos mai harabar Naraguta kuma tana horar da malaman ilimi na musamman.

A ƙa'ida, naɗar littafi sai da izinin mai haƙƙinsa. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sannan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sahale wa cibiyoyin hidimar makafi yin hakan ba don riba ba. Sai dai kunne ba ya nuna yadda ake rubuta kalma, shi ya sa har yanzu ake koyar da rubutun Braille.