Karatun Haɗaka a Tambuwal da Kebbe

Karatun haɗaka tsari ne na koyarwa da ke gwama darasin aji da darasin waya, rediyo ko intanet, inda ɗalibai da malamai ke taimakon juna a rukuni. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, wayar hannu na daga cikin hanyoyinsa.

Tarihi

Tsarin ya samu karɓuwa a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya tun watan Maris, aka koma ba da darasi ta rediyo. Tun kafin nan, a 2015, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, abin da ya tilasta wa ɗaliban sakandare sabawa da na'ura. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa har da na Hausa.

Yadda ake yi

Malami kan naɗi bayani da murya ya tura zauren WhatsApp. Ɗalibi ya yi aikin a littafinsa, ya ɗauki hoton shafin ya mayar, a yi gyara idan an haɗu a aji. Sau da yawa yara da dama ke zagaye waya guda ta yayansu.

Matsaloli

Manyan cikas su ne tsadar data, raunin sabis a ƙauyuka, da ƙarancin lantarki, wanda ke sa a kai waya shagon caji a biya.