Daga gadon asibiti zuwa gidan murmurewa: Abin da ya kamata a sani kan kula da masu barin shaye-shaye a Katsina

Gidan murmurewa gida ne na haya ko na wakafi da mutanen da suka kammala jinyar shaye-shaye ke zama tare a cikinsa, bisa sharaɗin babu ƙwaya babu giya, suna sa wa juna ido, suna kuma ci gaba da ganin likita. Ba asibiti ba ne, ba kuma gidan mari ba ne. Zango ne tsakanin ranar sallama da ranar da mutum zai iya tsayawa da ƙafafunsa. A birnin Katsina, kamar sauran biranen Arewa, wannan tsakanin ne wurin da wahalar iyali da kuɗin da suka kashe suka fi tafiya a banza.

Girman matsalar

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Katsina take, adadin ya kai kashi 12 cikin 100, wato kimanin mutum miliyan uku. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammalin mace ce. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda shaye-shayensu ya fi haɗari sun ce sun so samun magani, amma ba su samu ba.

Tabar wiwi ce kan gaba, sai magunguna irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Abin da asibiti ke iya yi

Jinya kan fara da tantance abin da mutum ke sha, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, da wata cuta da ke tare da shi, kamar ciwon damuwa ko taɓin hankali. Daga nan sai wanke jiki daga ƙwayar a ƙarƙashin kulawar likita. Wannan mataki ba na gida ba ne: wanda jikinsa ya saba da giya ko ƙwayoyin sa barci irin su dayazifam, idan ya daina farat ɗaya, yana iya kamuwa da farfaɗiyar da za ta kai shi ga halaka. Bayan haka sai zaman ba da shawara da koyon dabarun kauce wa abin da ke tayar da sha'awar sha.

Mazauna Katsina kan fara neman taimako a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin, ko a ofishin hukumar NDLEA na jiha. Masu buƙatar doguwar kwanciya kan nufi asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Jihar Sakkwato. NDLEA na da layin kira kyauta, 0800 1020 3040.

Haɗarin watannin farko

Cibiyar binciken shaye-shaye ta ƙasar Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani kan sake komawa, ta kuma nuna cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Dalilin a fili yake. Wanda aka sallama yakan koma ɗakinsa na da, da majalisarsa ta da, da dillalin da ya san lambar wayarsa, kuma galibi babu aikin yi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Akwai wani haɗarin da iyalai da dama ba su lura da shi. Bayan makonni babu sha, juriyar jiki ga ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin tana raguwa. Idan mutum ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Saboda haka komawa ta farko bayan sallama ta fi kowace kusa da mutuwa.

Bambancinsa da gidan mari

Wannan giɓi ne ya daɗe yana tura iyaye gidajen mari. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutum 67 daga wani gidan horo a Daura, kwanaki kaɗan bayan haka kuma suka fito da ɗaruruwa daga wata cibiya mai zaman kanta a cikin birnin Katsina, wasunsu ɗaure da sarƙa. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ta kai su ba, rashin wata ƙofar ce. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyata.

A gidan murmurewa mutum da ƙafarsa yake shiga, kuma yana da ikon fita. Babu mari, babu bulala. Da safe kowa yakan tafi kasuwa ko ofis ko wurin koyon sana'a, ya dawo kafin lokacin da aka ƙayyade.

Inda tsarin ya samo asali

Mafi shahara shi ne tsarin Oxford House, wanda wasu masu murmurewa, ciki har da wani lauya mai suna Paul Molloy, suka fara a 1975 a Silver Spring da ke Jihar Maryland ta Amurka, bayan da hukuma ta rufe gidan da suke zaune, suka karɓi hayarsa da kansu. Ginshiƙansa uku ne: mazauna gida su ke tafiyar da shi ta hanyar ƙuri'a, su ke biyan haya da sauran ɗawainiya daidai wa daida, duk wanda ya koma sha kuma zai bar gidan nan take. Ba a karɓar sabon mutum sai kashi 80 cikin 100 na mazauna sun amince, kuma babu wa'adin fita. Gidan maza daban, na mata daban. Yau gidajen sun kai dubbai, har an buɗe irinsu a Ghana.

Wani bincike da Farfesa Leonard Jason na Jami'ar DePaul ya jagoranta, aka wallafa a 2006, ya bibiyi mutum 150 da suka fito daga jinya. Bayan shekara biyu, kimanin kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka tura irin wannan gida ne ke shaye-shaye, alhali a cikin waɗanda suka bi hanyar da aka saba adadin ya kusa kashi 65. Kuɗin da rukunin farko ke samu a wata ya ninka na ɗayan.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan tunani. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke kama ɗaki a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Darasin da ya bari shi ne magani ya fi kama jiki idan majinyaci na rayuwa cikin mutane.

Yadda ake ƙulla asibiti da gida

Gida shi kaɗai ba ya warkarwa. Amfaninsa na ga igiyar da ta haɗa shi da likita. Tun kafin sallama ya kamata a san inda mutum zai kwana a daren farko, a ba shi takardar da ke ɗauke da magungunansa da ranar komawa asibiti. A samu ma'aikacin jinya ko jami'in walwala guda da gidan zai riƙa kira, tare da amincewar majinyaci kan bayanan da za a bayar. Kada mazauna gida su hana wani shan maganin da likita ya rubuta masa da sunan shi ma ƙwaya ne. Wanda kuma ya koma sha, a mayar da shi hannun likita a ranar, ba a jefa shi kan titi ba.

Abin da Katsina ke da shi a hannu

Kafa irin wannan gida ba ya buƙatar sabon gini. Gida mai ɗakuna uku ko huɗu ya ishi mutum shida zuwa goma, in dai yana nesa da matattarar 'yan shaye-shaye, kusa da hanyar asibiti, kuma da sanin mai unguwa da limami. Mai hali na iya ba da gida wakafi, ko ya biya hayar shekarar farko a matsayin rance, tunda a nan hayar shekara ake biya gaba ɗaya. Amurka ma ta wannan hanya ta bi: dokar 1988 ta sa jihohi su ware asusun ba da rancen buɗe gidajen.

Sai batun sana'a, wanda ke hannun 'yan kasuwa da shugabannin ma'aikatu. Ɗan kasuwar Babbar Kasuwa da ya karɓi yaron shago daga irin wannan gida, ko darakta da ya bar ma'aikacinsa ya riƙa zuwa ganin likita ba tare da tozarta shi ba, ya ɗauki kaso mai tsoka na jinyar. Mata kuwa, waɗanda kunya da tsoron rasa aure ke sa a ɓoye su a cikin gida, suna buƙatar gidansu na daban da mata ke jagoranta.

Tambayoyi kafin a miƙa ɗan'uwa

Duk iyalin da aka yi wa tallar wata cibiya ko gida, su tambaya: wane likita ko asibiti ke duba mazauna? Ana iya ziyara ba tare da sanarwa ba? Mutum na iya fita idan ya so? An rubuta dokokin gida da kuɗin da ake biya? Me ake yi wa wanda ya koma sha? Wurin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi biyar a fili, bai cancanci a damƙa masa amanar rai ba.