Masallacin Dandaji da Tsohuwar Al'adar Tattalin Kayan Gini

A ƙasar Hausa ta dā, rushewar gini ba ta barin shara. Idan soro ya tsufa, ko damina ta kayar da katanga, magina kan farfasa ƙasar da ta zube, su jiƙa ta, su cuɗa ta da ciyawa, su sake dunƙula tubali da ita. Abin da ya fi daraja a cikin kango kuwa shi ne azara. Daga giginya ake tsaga ta, itaciya mai jinkirin girma wadda gara ba ta cika cin ta ba, saboda haka akan zare ta ɗaya bayan ɗaya a jingine, har ranar da za ta shiga rufin wani ɗakin. Ba wata aƙidar kare muhalli ce ta koyar da wannan ba. Tsadar itace ce da wahalar ɗaukar ƙasa daga kududdufi.

Zuwan siminti da kwano a ƙarni na 20 ya sauya lissafin. Bulon siminti idan ya karye ba ya komawa laka, iyakar amfaninsa a cike rami da shi. Duk da haka ya zama alamar wadata, ginin ƙasa kuma aka soma yi masa kallon na marasa hali, har a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin siminti na Malbaza yake tun shekarun 1960.

A wannan jihar ce aka yi wani magini mai suna Falke Barmu, mutumin garin Yama, wanda noma ne sana'arsa ta yau da kullum. A 1962 ya soma gina wa garinsu masallacin Juma'a da tubali, mutanen gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace. Da rufin ya bukaci gyara a 1975, bai rushe ginin ba. Ya sake rufin da bakan gizo da ƙubba, daga baya ya ɗora hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da irin adonta, aka kammala su a 1982. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine.

Falke ya gina wani masallacin a Dandaji, ƙauyen Hausawa mai mutane kimanin 3,000. Da shekaru suka ja, ruwan sama ya ci bangonsa, jama'a kuma ta yi masa yawa, sai aka soma shawarar rushe shi a yi sabo na siminti. Bai kamata a yi saurin ganin laifin masu wannan shawara ba. Ginin ƙasa yana neman yaɓe akai-akai, yaɓe kuma yana neman hannuwa da yawa, a ƙasar da matasa kan tafi cirani da zarar an gama girbi. Wanda yake kallon kyan masallaci a hoto ba shi ne ke hawa tsani kafin saukar damina ba.

Mata biyu masu ilimin zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata mafita: a bar tsohon masallacin a tsaye, a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutane kusan 1,000 a kusa da shi. Aka kira wurin Hikma, domin tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. An kammala aikin a 2018.

Tattalin ya zo ta fuska biyu. Na farko, duk tubali da ƙarfin da aka zuba a tsohon ginin ba su tafi a banza ba. An gyara bango da rufi, an ƙara bene a ciki domin masu karatu. Na biyu ya shafi sabon masallacin. An gina shi da bulon jar ƙasa da aka haƙo a kewayen garin, wanda ake matsewa da inji maimakon a gasa shi da itace. Irin wannan bulo ya fi tubalin hannu jure ruwa, kuma yana riƙe sanyin ɗaki kamar ginin gargajiya. Kankare bai ɓace gaba ɗaya ba, an dai taƙaita shi ga ginshiƙai da sauran wuraren da ke ɗaukar nauyi.

Domin gyaran tsohon ginin, an nemo maginan da suka yi aikinsa tun farko, tun da su suka san yadda aka ɗaura bakan gizonsa da irin ƙasar da ta dace da bangonsa. Su kuma suka koyi sababbin dabarun ƙarfafa laka domin kada ruwa ya zaizaye ta.