Itacen Tek a Hanyoyin Fataucinmu: Daga Gandun Turawa zuwa Cinikin Waya

Duk shekarar da muka taru domin tunawa da kafuwar wannan ƙungiya, hirar dattawanmu ba ta wuce goro da shanu da albasa. Hakan daidai ne, don su ne suka zaunar da kakanninmu a ƙasar Mosi, tun zamanin da ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa ya nufi Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarta. A wancan zamani babu falken da ke ɗora katako a kan jaki. Mai gini azarar giginya yake nema, masassaƙi kuma ya samu ƙirya ko maɗaci a dajin kusa ya fitar da turmi da kujera 'yar tsugunne. Sai da jirgin ƙasa daga Abijan ya iso Bobo a 1934, ya ƙaraso Wagadugu a 1954, manyan motoci kuma suka fara hawowa daga Kumasi, sannan katakon inji ya zama haja. Bana muna so mu waiwayi guda ɗaya daga cikinsa, wanda muke kira tek, mutanen Gana da Najeriya kuma su ce tik, domin a 'yan shekarun nan rigimarsa tana yawan zuwa gaban dattawan ƙungiya.

Tek baƙo ne a Afirka. Asalinsa dazuzzukan Indiya da Bama da Tailan da Lawos, kuma ya daɗe a tsibirin Jaba na Indunusiya. Abin da ya ja hankalin Turawan Ingila gare shi jirgin ruwa ne: itace ne mai maiƙo a jikinsa, ruwa ba ya saurin ruɓar da shi, gara ba ta son zuciyarsa. Da suka ga dajin yana ƙarewa, suka fara dasa shi a Nilambur da ke kudancin Indiya a shekarun 1840. An kawo irinsa Najeriya a 1902. Jamusawa suka dasa shi a Togo wajen 1905, har da yankin da a yau yake gabashin Gana, daga Togon kuma aka ɗauki irin da aka fara shukawa a Kodebuwa a 1929. Bayan samun 'yanci gwamnatoci suka ɗora: SODEFOR a Kodebuwa tun 1966, ODEF a Togo, ONAB a Benin mai gandun dajin Lama kusa da Bohicon. Mu ma muna da namu kaɗan a gandun dajin Dindéresso, bayan garin Bobo, sai dai ruwan samanmu bai kai ya ba da irin kaurin na kudu ba.

Shekaru da yawa tek ba shi da wata daraja ta musamman a kasuwanninmu. Mai saye a Wagadugu abu biyu ya sani, jan katako da farin katako. A Gana kuwa turken wayar lantarki ake yi da shi. Darajarsa daga waje ta taso. Tailan ta hana sare dajinta a 1989, kotun ƙolin Indiya ta taƙaita saran daji a ƙarshen 1996, Bama kuma ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba a Afrilun 2014. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara turo masu saye, galibinsu Indiyawa, zuwa Tema da Lome da Kwatano da Abijan. Suna biya nan take, suna zaɓar gungume mai kauri, miƙaƙƙe, su cika kwantena. Abin da ya rage wa kafintocin yankinmu shi ne ƙananan itatuwa da manomi ya sare suna da shekara 12 ko 15 don kuɗin makaranta ya matsa masa. Ba mu ga laifin manomin ba. Amma nan ne tushen matsalar da muke fama da ita yau.

Idan aka yanka gungumen tek, za a ga launi biyu. Tsakiya ruwan zuma ne mai duhu, shi ne zuciya, a nan maiƙon yake. Gefe fari ne, kuma wannan farin bai fi kowane farin katako jure gara da damina ba. Tsohuwar bishiya kusan duk zuciya ce, ƙarama kuwa farin gefenta ya yi yawa. To, kafinta mai son riba sai ya haɗa duka, ya shafe da rini da banis, kujera ta fito launi ɗaya tana sheƙi. Wani ma malaina yake rinawa ya kira ta tek. Da ido kusa da hannu ana ganewa. Tek na gaske yana da nauyi, kusan kilo 650 a kowace kubik mita idan ya bushe, in ka kankare shi yana ƙanshi kamar fatar da aka jeme, in ka shafa kuma za ka ji santsin mai. Kafintoci sun san shi da dakusar da zarto saboda ɗan yashin da ke cikin naman itacen. A hoton waya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa.

Shekarar 2002 zuwa 2003 ta juya mana hanya. Rikicin Kodebuwa ya ɓarke a Satumban 2002, iyaka ta rufe, jirgi ya tsaya, kayan da ke biyowa ta Niangoloko suka koma ta Paga da Dakola ko ta Cinkassé. A watan Mayun 2003 gobara ta cinye kasuwar Rood Woko, a shekarar kuma aikin ZACA ya tashi Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar birni. Jama'armu suka warwatsu. Mu da ke nan Pissy, a bakin hanyar Bobo, mun ga yadda sabbin gidaje a Ouaga 2000 da otal-otal da wuraren cin abinci na fili suka fara neman kujeru da tebura na tsakar gida waɗanda suka fi na ƙarfe da na roba kyan gani. 'Yan'uwanmu masu zuwa Kumasi da Techiman suka shiga kawo su. A Kumasi, kafintocin Anloga ne ke yi, kafin a mayar da su Sokoban.

A lokacin ciniki yana tafiya irin na goro. Ka sauka wurin mai gidanka a zango, ya haɗa ka da dillalin da ya sani, ka je da ƙafarka ka kifa kujera ka duba ƙarƙashinta, inda mai rini ya fi yin kasala. In kaya ya ɓaci, akwai wanda za a riƙe. Yau matasanmu a Facebook da WhatsApp da TikTok suke ganin haja, su tura kuɗi ta Orange Money ko Moov Money ga wanda ba su taɓa gaisawa da shi ba. Wasu har Jepara ta Indunusiya da ƙasar Sin suke yin oda ta Alibaba. Ba mu ce a daina ba, wayar ta rage mana wahalar hanya da kuɗin mota, musamman yanzu da wasu hanyoyin suka yi wuyar bi. Amma Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kalmar «Grade A» da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto bakin mai sayarwa ce kawai, babu hukumar da ta auna ta buga hatimi.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun mayar da tsohuwar dabara cikin waya. Ba su karɓar hoton da aka gyara. Sai an yi kiran bidiyo, an kifa kujerar, an kankare wani ɓoyayyen wuri da wuƙa a gabansu, an nuna bakin ƙafar inda launin zuciya da na gefe ba su ɓoyuwa, an kuma ɗora ta a sikeli. Suna duba haɗin: a huda katako ɗaya, a sassaƙa wa ɗayan harshe ya shige, a kafe da turken itace. Kujerar da gam da ƙusa kawai suka riƙe ba ta kai damina biyu a waje. Ƙusar baƙin ƙarfe kuma tsatsa take yi ta baƙanta itacen, shi ya sa ake neman ta tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Sannan rabin kuɗi kawai suke turawa, sai ɗan ƙungiya da ke garin ya je ya gani da idonsa.

Akwai kuma abin da mutanen bakin teku ba su cika ganewa ba, wato hunturunmu. Katakon da ya bushe a Tema ko Lome ya bushe ne daidai da laimar can. In ya zo Wagadugu a watan Janairu, iska ta tsotse sauran ruwan jikinsa, sai ya tsuke, haɗin ya saki, fuskar tebur ta tsage. Mai saye ya ce an cuce shi, mai sayarwa ya rantse tek ne na gaske, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗi. Don haka ake tambaya ko an busar da katakon a ɗakin zafi, kuma wasu daga cikinmu sun gwammace su kawo katakon, ya sha hunturu ɗaya a rumfa, sannan kafintan gida ya haɗa. Launin toka da tek ke komawa bayan ya daɗe a rana kuwa ba lalacewa ba ne, fatar sama ce kawai, goge ta kaɗan launin zuma ya dawo.

Takardu ma sun ƙaru. Tun Janairun 2017 maɗobiya, wadda ake kira koso, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, bayan da masu kai ta Sin suka kusa ƙarar da ita a yankinmu. Tek ba ya cikin wannan jeri, amma jami'an gandun daji da na duwan yanzu suna buɗe kayan katako fiye da da, kuma kujerar da aka rina ta yi ja tana iya kwana a Dakola ana gardamar ko wane itace ne. Wanda zai yi oda ya nemi a rubuta sunan itacen da ƙasar da aka sare shi a kan rasit tun kafin mota ta tashi.